Furen Mahaifiyarki Yana Bayan Ɗakin Itacena

Zuwa ga Rosalind, sanyin idona, hasken tagata a watan da rana ke yi mana rowa, wadda muryarta ta fi mini shayin safe ɗumi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata tarin nan ya sake ki. Ba zan yi miki kwana-kwana ba: na ga furen mahaifiyarki. Yana raye a lambuna, bayan ɗakin itace, gindin tsohuwar bishiyar tufa.

Na san abin da za ki ce: "Desmond, kai da ba ka bambanta furen ɗigon ƙanƙara da albasa?" To ki saurara, ai ke kika koya mini. Duk ƙauyen nan ya yi fari fat da irin waɗannan ƙananan furanni a wannan Fabrairu, kowanne ya sunkuyar da kai, kuma daga tsaye duk ɗaya suke. Shi ya sa na ɗauko ɗan madubin nan mai sanda, na durƙusa a taɓo, gwiwoyina suna tsine mini. Ganyen ba kore shar ba ne, yana da toka-toka, mai faɗi, ɗaya ya naɗe ɗan'uwansa daga gindi. Ɗan ƙululun da furen ke rataye da shi rawaya ne, alhali na sauran kore ne. Da na zura madubin ta ƙasa, sai ga tabon nan a ƙananan ganyayen ciki, shi ma rawaya, kamar almakashi a buɗe. Wane fure ne a duk gundumar nan yake da almakashi in ba na Mama ba, matar da ta ƙare rayuwarta a kan keken ɗinki?

Kin tuna ranar da kika ba ni furen? Ranar da kika tara mu cin miya da burodi don kallon furanninki, kowa ya koma ciki saboda sanyi, ni kaɗai na tsaya ina rawar ɗari don in kasance kusa da ke. Kika danƙa mini madubin kika ce, "Durƙusa, malalaci, wannan furen ba ya ɗaga wa kowa kai." Sannan kika haƙo 'yar albasarsa guda da ganyenta, kika naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, kika ce mahaifiyarki kullum tana faɗin cewa abin da ba ka so ka rasa, ka ba maƙwabci. Na dasa, na kafa masa 'yar sandar suna. Tsuntsaye suka tumɓuke sandar kamar yadda suka saba, ciyawa ta rufe wurin, na ɗauka ya mutu. Ashe yana can yana ta haihuwa, har ya zama dunƙule mai cika faranti.

Da ambaliyar kaka ta kwanta a lambunki ta ruɓar da naki, na ga yadda kika koma. A ƙofar coci kika ce wa 'yarki Philippa, "Shi ke nan, ba abin da ya rage mini a ƙauyen nan, zan bi ki birnin Leeds." Ina tsaye a gefenki riƙe da lemarki. Maganar ta yi mini ciwo, Rosalind, har yau tana yi. Ba abin da ya rage? Ni fa? Wa zai riƙa zagina idan na taka shuka? Wa zan kai wa ƙwai ranar Asabar ina ƙaryar kajina sun yi yawa? Ina son ki. Na daɗe ina son ki, shiru ne kawai ya yi mini yawa, kuma shiru bai taɓa tsayar da motar kwasar kaya ba.

Philippa ta ce ƙarshen wata za ta zo ta ɗauke ki. Furen ba zai kai lokacin a buɗe ba. Ki zo gobe ko jibi da hantsi, lokacin da ɗumi ke sa shi buɗewa, ki sa takalmin roba, ki duba da idonki. In na yi kuskure, ki yi mini dariya son ranki.

In kuma shi ne, ga maganata. Idan kin ce tafiya za ki yi, rabin dunƙulen naki ne. Zan haƙa da ganyensa, in sa a tukunya, in miƙa miki ta tagar mota, domin haka Mama ta koyar. Amma roƙona shi ne ki aure ni. Ɗakin da ke kallon bishiyar tufar ya fi kowanne samun rana, na riga na gyara tagarsa. Idan kin zauna, babu abin da za a haƙa.

Naki, a wannan hunturun da duk waɗanda suka rage mini,
Desmond