Na Huda Bangon Ofishinka

Zuwa ga Malam, Baban Usama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji inda kake kwance a Gumel, ina sanar da kai muna nan lafiya a unguwarmu ta Madain Fahd a Jidda. Usama yana wurin aikinsa a Riyad, yakan kira ni ranar Juma'a. Dalilin wannan takarda shi ne in faɗa maka abin da na yi wa ofishinka, don na kasa riƙe maganar ni kaɗai.

Ofis dai kai ka raɗa masa. Ni ɗakin katako na sani, taku huɗu a uku, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, wanda ka harhaɗa da katakon akwatunan kaya da ka riƙa kwasowa daga tashar jirgin ruwa. Wata uku kana bugun ƙusa bayan La'asar, kai da ko ƙafar kujera ba ka taɓa gyarawa ba. Ka daki babban yatsanka har farcen ya fita, ka ce wai gudumar ce ba ta da saiti.

Shekara goma sha tara ka yi a ciki kana rubuta wa mutanenmu wasiƙun gida, kana cike musu takardun iƙama, wato izinin zama, da na asibiti. A nan ka koya mini boko, kana yi mini dariya wai rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda. To ga shi yau da shi nake rubuto maka.

Bazarar farko zafi ya koro ka, ka fito riga sharkaf. Sai ka kawo dabararka ta mutumin Gumel: ka ƙara bango na biyu daga ciki, ka ɗura dusar katako da tsofaffin buhuna a tsakani, ka danne da taɓaryata ba tare da ka tambaye ni ba. Ka ce, "Kauri ke kashe zafi, Rabi, ki tuna sorayen garinmu." Ɗakin kuwa ya yi sanyi. Mako guda kana janyo maƙwabta su zo su taɓa bango.

Abin da ba mu sani ba, ni da kai, a garinmu ruwa daga sama yake zuwa, in ka gyara rufi ka gama. A Jidda cikin iska yake yawo, shi ne laimar tekun nan da suke ce wa ruɗuba. Dusarka tana shan ta tun daga lokacin. Abin da ya rufa mana asiri, kullum ƙofarka a buɗe take, fanka na juyawa, ga kafofi tsakanin katako saboda aikin naka ba na gwani ba ne. Abin da bango ya sha sai iska ta busar.

Sai ka tafi gida ganin Inna, da ciwon da ka ce mini na kwana biyu ne. Ka ce wata biyu za ka yi. Waya kawai aka bugo. Ban ga gawarka ba, ban ga kabarinka ba. Takarduna ba su da kyau a lokacin, in na fita babu dawowa, ga Usama yana makaranta. An ce mini kana kusa da wata aduwa, iyakar abin da na sani ke nan har yau.

Ranar da na fita takaba na buɗe ofishin, sai na same ka a ciki. Ƙamshin turarenka, da tawada, da man zafin da kake shafa wa gwiwa, da gumin hularka da ke rataye a ƙusa, duk suna nan yadda ka bar su. Na ja ƙofar da sauri na rufe don kada ya fita.

Na yayyaga tsohon zanena, na bi kafofin nan ɗaya bayan ɗaya ina cusa tsumma da tsinin wuƙa. Na lulluɓe taga da leda na kafa ƙusa. Ranar Alhamis kawai nake shiga, da hantsi, in zauna a tabarma gefen kujerarka na ɗan lokaci, in fito. Tsoro nake ji kada in ƙarar da shi. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da matan unguwa za su ce.

Shekara uku ina haka. Ƙusoshi suka fara tsatsa suna zubar da ja a jikin bango. Takardunka suka manne da juna. Baƙar fumfuna ta taso daga ƙasa har ta kai gwiwa, wata rana falanki ya lotsa da ƙafata. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba. Wari ya shigo ya gauraya da ƙamshin, amma hancina ya iya tsinto ka a ciki.

Da Usama ya zo hutun Sallah ya leƙa, ya fito yana tari. Ka san Hausarsa, rabi da rabi. Ya ce, "Ummi, wallahi ɗakin Baba halas, ya gama yawo, zai faɗi a kanki." Ya ɗauko Ammi Bakur, tsohon kafintan nan haifaffen Jidda da kake rubuta wa danginsa na Kano wasiƙa. Ammi Bakur ya caka sukudireba a gindin bango, ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Ya ɓalle falanki ɗaya, dusarka ta zubo baƙa ƙirin, ya damƙa ruwa ya ɗiga. Ya yi maka addu'a, sannan ya yi maka dariya. Da ya ga tsummokarana sai ya daina.

Abin da ya ce mini bai fita raina ba: "Ya Hajja, katako lazim ya sha iska. In ba ki buɗe masa ba, ruwan sama ɗaya na lokacin sanyi ya ishe shi." Ban faɗa masa dalilina ba, shi ma bai tambaya ba.

Na ce su ba ni kwana uku. Na juya maganar ta kowane gefe, Malam. In na bar shi a rufe zai ruɓe ya faɗi, hannunka da ke jikin kowace ƙusa ya tafi bola. In na buɗe zai tsaya, amma na san abin da iska za ta ɗauka. Ban da wanda zan yi shawara da shi, don wanda na saba tambaya kai ne. A rana ta uku na ce ya fara.

Ya ɗaga ɗakin da jak ɗin mota, ya jera bulo a ƙarƙashi, ya shimfiɗa leda mai kauri kan kowane bulo, ya shafe ƙafafun katakon da kwalta. Ya kwashe dusarka tas, ya canza falankan da suka ruɓe. A madadinta ya sa farin soson nan da suke ce wa fallin, ya bar ratar yatsa biyu tsakaninsa da bangon waje. Ya ɗan ɗaga kwanon rufi. Daga ƙarshe ya huda bango wuri huɗu, biyu a ƙasa ta arewa, biyu a sama ta kudu, ya rufe su da raga saboda sauro. Tsummokaran dai ni na zare su da hannuna, ban yarda ya taɓa ba.

Ya ce a bar ƙofa a buɗe kwana bakwai. Na ɗauko kujera 'yar tsugunno na zauna a tsakar gida ina kallo. Ranar farko har ƙofar kicin nake jiyo ka, na rasa inda zan sa kaina. Rana ta biyu sai na matso kusa. Daga ta huɗu ban ƙara matsowa ba.

Jiya na shiga. Bango a bushe, ɗaki da sanyi, aiki ya yi kyau, Usama har yana ta murna a waya. Na sa hancina a kujerarka, na sa a hula, na sa a aljihun farar rigarka. Kwalta na ji da sabon katako.

Shekara uku mutane suna yi mini ta'aziyya ina amsawa da baki kawai. Jiya ne na san ka rasu. Ɗakinka zai daɗe a tsaye, Ammi Bakur ya ce zai iya fin mu daɗewa, amma ni yanzu ba ni da inda zan je in same ka. Ina kewarka ƙwarai, Malam, gidan nan ya yi mini faɗi.

Ka yafe mini, ni na yafe maka duniya da lahira. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci, Ya buɗe maka ƙofa daga Aljanna iskarta ta riƙa shigo maka. In tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya kai ni inda kake.

Matarka,
Rabi
Madain Fahd, Jidda