Gatarin Kurege a Hanyar Bomo

Jushi, Sabon Gari,
9 ga Yuli, 2006.

Toma nawa, Baban Happiness, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko na daminata,

Wata goma sha ɗaya ke nan da muka rufe ka, amma har yau in na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Na san wasiƙar nan ba ta da inda za a kai ta. Zan sa ta cikin tsofaffin jaridun da kake danne furanni su bushe, don can kaɗai ƙanshinka ya rage.

Ka tuna shekarar aurenmu? Ka dawo daga aikinka na gonar gwaji a Samaru, ka dasa wani abu a bayan ɗaki, ba ka gaya mini ba. Ni kuwa, amarya mai son a yabe ta da tsabta, na sa fartanya na nome shi tare da ciyawa. Ba ka yi faɗa ba. Ranar Lahadi bayan sujada ka goya ni a keke har hanyar Bomo, ka nuna mini irin abin da na kashe: gatarin kurege, ja da rawaya, kamar harshen wuta ya hau kan ƙaya. Na roƙa mu sake dasawa, ka yi dariya ka ce a bar shi nan, wataƙila ba ya son zaman haya.

Damina goma sha tara muna zuwa gaishe shi. Ni da na tsaya a aji shida, a bakin hanyar nan na yi sauran karatuna. Balasa mai shuɗi da ke rufe ido in rana ta take. Albasar kwaɗi mai ratsin ja. Ƙuduji, da ka ce kyakkyawa ce amma ɓarauniyar dawa. Kai ka hana ni kiran komai ciyawa. Yanzu in na ga wanda ban sani ba, wa zan juya in tambaya?

Ranar Talata ƙanenka Sati ya zo roƙon kekenka, tunda yana nan a jingine, na ce zan yi tunani. A bakinsa na ji za a faɗaɗa hanyar Bomo, greda mai kankare ƙasa har ta wuce kwalbati na farko. Kuma gatarin kuregen bai yi fure ba tukuna, Toma, sai Agusta! Babu ja, babu rawaya, kore ne cikin kore. Yaya zan gane shi, ni da na taɓa nome shi da hannuna?

Na tafi ni kaɗai, bas zuwa Samaru, sauran a ƙafa. Ɗorawar da muke jingine keke sun riga sun sare ta. Na durƙusa ina buɗa ciyawa, leburori suna tambaya ko Mama ɗan kunne ta yar. Sau biyu na kama yaryaɗi ina tsammanin shi ne. Na zauna a kan kututturen na yi kuka, don na ga zan rasa ka karo na biyu, wannan karon da laifina.

Can na tuna ranar da ka kama yatsana ka kai shi bakin ganye. Ka ce kada in nemi fure, fure baƙo ne. In dubi ƙarshen ganye, yana lanƙwashewa kamar yatsan jariri mai neman abin riƙewa. Na share ido na sake dubawa. Yana nan, masoyina, riƙe da ƙaya, taku uku daga sawun greda.

Na haƙa shi a hankali, saiwar ba ta karye ba. Na dasa shi daidai inda ka sa na farko. Maƙwabciyarmu Maman Nedu ta ce guba ne, awakinta fa. Na ce na sani, na kewaye shi da kara. Da na rasa sandar da zai hau, sai na jingina masa kekenka.

Ban sani ba ko zai kama. Ka ce ba ya son zaman haya. Ni ma ba na son zaman nan babu kai, amma ga ni. Yau da safe na tarar ganye ɗaya ya nannaɗe wayar ƙafar keken, ya riƙe gam. Gobe zan ba Sati haƙuri, in ce masa an riga shi.

Taka ce ni, har ranar da za ka sake goya ni,

Rifkatu