Na Gutsura wa Baƙi Biyu Gurasa

Yaya Mohira,

Aikin farko yau: wanke gashin akuya. Na kasa. Don Allah ki taimake ni.

Ni ce shugabar mata masu kaɗi a ƙauyenmu, bakin kogin Panj. Kowace Asabar a kasuwar bakin gadar kogin muna sayen zaren mata goma sha tara na tsallake, ɓangaren Afghanistan. An hana su fita aiki, mazansu ke kawowa.

Ranar Litinin baƙi suka zo daga wata babbar ƙasa ta gabas, ranar Alhamis wasu daga yamma. Yaya, dukansu taswira suka shimfiɗa, ga ƙauyenmu an zagaye shi da jan biro! Wai mazarinmu yana tsare iyaka kamar soja, don gidan da uwa ke da sana'a, 'ya'yansa ba sa bin 'yan bindiga. Mu ɗin nan? Sau uku na rubuta maganar a littafina.

Ga kuskurena. Dukansu na gutsura musu gurasa da hannuna a gaban dattawa, kin kuwa san da haka muke ƙulla baiko. Surukata Davlatmo ta ce, "Sannu uwar amarya, 'ya ɗaya angwaye biyu!"

Na gabas za su ba mu inji, in mun daina sayen zaren tsallake. Na yamma za su buɗe mana kasuwa, amma suna son sunayen matan tsallaken da hotunansu. Wancan yunwa ce ga matan, wannan kuma haɗari gare su in aka gane su. Ko ni ce ban gane ba?

Gobe: shanya gashi, gyara mazarin Zarragul abokiyar kaɗinmu, ba baƙi amsa.

Mai Kaɗi

'Yar'uwa,

Mamakinki na da dalili, amma ki lura: wanda ya keto duwatsu ya zo ƙofarki, shi ma yana da buƙata.

Gurasa haƙƙin baƙo ce. Baiko kuwa sai dangi sun yarda, kuma matanki masu kaɗi ba su zauna shawara ba tukuna. Ki gaya wa dattawa haka.

Kada ki raina inji ko kasuwa, dukansu alheri ne. Amma ki ce wa na gabas zaren tsallake na cikin kayanku. Na yamma ki ba su adadi kawai. Sunayen nan amana ne, masu su kaɗai ke da ikon bayarwa.

Mai yiwuwa ki rasa baƙin duka biyu. Za ki iya ɗaukar wannan. Ki rasa mace ɗaya a tsallake saboda hoto, wannan ba za ki iya ba.

Allah Ya yi wa hannuwanku albarka.

Mohira