Amin Ɗin Da Ya Ƙi Fita

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ki ce mata ina cin abinci, kada ta sa damuwa a ranta.

Muna nan lafiya. Na samu aikin wankin mota, wuni nake hannuna cikin ruwa. Ɗakinmu ƙarami ne amma a kan tudu yake, abin da na fara dubawa ke nan. Tun daga ranar da ambaliya ta cinye gidanmu, Auta ba ta ajiye takalmanta a ƙasa, a ƙusa take ratayewa. Na daina yi mata magana a kai.

Mutanen nan ba su da laifi. Maigidana a wurin aiki ya ce mu muka yi gini a hanyar ruwa, na ce masa a gidan aka haifi kakanmu. Wani direba ya ce yanayin duniya ne ya canza, wani ya ce alhakinmu ne. Kowa na ce masa haka ne, na ci gaba da goge gilashi.

A nan damina ta makara, shekaranjiya aka fita roƙon ruwa. Na shiga sahu, na ɗaga hannu. Liman yana roƙo, jama'a suna amin, ni bakina ya ƙi buɗewa. Ba fushi nake ba, Yaya. Ban ji komai ba ne kawai.

Ki aiko mana da bargo. In ruwan ya janye, a duba min ko kabarin Baba yana nan. Allah ya saka miki.

Jiya an yi ruwa. Kowa sai barka yake yi min.

Ƙaninki