Kaskon da Ya San Gyaɗa

Karaye, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke na tashi da ɗan sauƙi yau. Ƙafar hagu tana nan a kumbure, tarin ma bai sake ni ba, amma na dogara sanda na kai kaina masallaci. Sai ki yi haƙuri da rubutun. Ba irin wanda kika sani ba ne lokacin da nake koyarwa a Gwangwan.

Dalilin wannan takarda shi ne na yi wa 'yarmu Auta ƙarya, kuma a kanki na yi ta.

Shekara biyu bayan rasuwarki ta ajiye aikin ofis, ta buɗe shagon shan gahawa a Kano, ta sa masa sunanki. Yanzu shagunan sun zama huɗu, uku a birni, ɗaya a Rogo kusa da tasha. Watan jiya ta aiko mota aka kai ni buɗe na Rogon. Da kin gani da kin yi dariya. Tabarmin da muke shimfiɗa wa baƙo a zaure su ne adon wurin, faifai da ƙwarya kuma an rataye su a bango. Akwai gahawa mai citta, da mai kanumfari, da mai dabino, har da mai goruba, ga alkaki da dakuwa a gefe. Samari da 'yan mata sun cika wurin suna ta ɗaukar hoto. Ta yi ƙoƙari, Hajiya. Wannan ba zan rage mata ba.

Ana cikin haka ta zo ta durƙusa a gabana da ɗan kofi, ga dagaci, ga liman, ga baƙinta na birni. Ta ce wannan ita ce gahawarki, yadda ta ga kina auna kayan ƙamshin, in ɗanɗana in gaya wa jama'a ko ta dace. Na kurɓa. Tana da daɗi, amma ba taki ba ce. Na dubi fuskarta, na dubi mutane, na ce ita ce, babu bambanci. Ba a kunyata 'ya a gaban baƙi. Ta fashe da kuka, aka yi ta tafi.

Na ɗauka maganar ta ƙare a nan. Ashe ta sa an rubuta abin da na faɗa a allo, da sunana a ƙasa, an kafa a duk shagunan huɗu. Ni da na shekara talatin ina hana 'ya'yan mutane ƙarya, yau ga shaidar zur tawa a bango.

Kin san abin da ya ɓace mata. Mahaifinki ne ya zo da shan gahawa daga Sudan, inda ya daɗe a kan hanyarsa ta aikin Hajji, ke kuma kika taho da ita gidana. Kasko ɗaya gare ki, na ƙasa, baƙi ƙirin. A cikinsa kike soya gyaɗar ƙuli-ƙuli, kina juye ta sai ki zuba 'ya'yan gahawa tun yana da zafi, don kada wutar ta tafi a banza. Ba ki taɓa wanke shi a tsakani ba.

Wata shekara na ga ya tsufa, na sayo miki sabo a kasuwa ina jin na yi abin kirki. Kwana biyu muka sha gahawa salam. A na uku kika ajiye mini shi a ƙofar ɗaki kika ce, “Malam, ɗauke kaskonka, bai san gyaɗa ba.”

Auta ba ta ga wannan ba. Tana makarantar kwana, in ta zo hutu kuma kin riga kin soya kin ajiye. Awon citta da kanumfari kawai ta gani, shi ta riƙe. Yanzu inji ne yake soya mata a Kano. Duk duniya ni kaɗai na rage da na san sirrin, ni kuwa ga yadda jikin yake.

Na kira ta a waya, amma kunnena ba ya kama magana sosai, kuma ba zance ba ne na waya. Na ce ta zo, ina da ajiyarki da zan ba ta. Ta ce yau bayan azahar. Na ciro kaskon daga ƙarƙashin gado, na sayi kwanon sabuwar gyaɗa da gawayi. So nake ta soya da hannunta, ta sha, sannan in nemi gafararta. Ko kasko ɗaya zai ishi shago huɗu, wannan ita ta sani. Nawa dai in faɗi gaskiya, a sauke allon nan.

Tun da kika tafi ban sake shan gahawa a gidan nan ba. Ba likita ne ya hana ni ba. Ƙarar turminki da la'asar nake jira, in ji kin ce, “Malam, ta sauka.”

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe mini abin da na faɗa, Ya sa wa sana'ar yarinyar nan albarka, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.

Ni ne naki,
Malam.

Ƙari: An kira magariba, Auta ba ta zo ba. Na hura gawayin da kaina na soya gyaɗar, rabi ta ƙone. Idan kaskon ya huce zan naɗe takardar nan in sa a ciki, in rufe da faifai. Duk wanda ya riga ta shigowa ɗakin nan, don Allah kada ya wanke shi.