Fatar da ke jikin ƙofa

Liuhua Lu, Guangzhou
Asabar

Tankari,

Assalamu alaikum. Don Musulunci na yi maka sallamar nan. Na toshe lambarka a waya, shi ya sa na ba Dogara mai kai kaya takarda ya kawo maka unguwar Tianhe.

Na ga abin da ka bar mini. Lokacin da ka sakar mini ofishinka na yi ta godiya, ina cewa na yi ɗan'uwa a ƙasar Sin. Ashe da abin da ka binne. Shekaranjiya mai fenti yana kankare ƙofa ya nuna mini wani ɗan kwanso kamar yatsa, an kafe shi a karkace ta hannun dama. Na tambayi laoban, wato mai ginin, ya ce meyo, a'a ke nan, bai san shi ba. Na ɓalle shi, na tarar da fata a naɗe, da rubutun da ba Larabci ba, ba boko ba, ba na mutanen nan ba.

Yanzu na gane abin da ya sa tun shigata kwantena biyu suka maƙale a Legas, abokan cinikina na kasuwar Kwari suka koma wurinka. Ka koma sabon ofis ka bar ni da laya!

Jiya bayan Juma'a na ɗaga ta a harabar Masallacin Huaisheng, na faɗa wa 'yan Kano da 'yan Maraɗi wanda ya kafa ta. Ba na cin naman mutum a bayan idonsa, shi ya sa nake sanar da kai. Malamina na Kano ya gaya mini yadda ake karya irin wannan.

Allah Ya isa tsakanina da kai. Wassalam.
Sharfaddeen

Tianhe
Lahadi

Zuwa ga ƙanena Sharfaddeen,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da iyalinka na Kano. Na ga "Yaya" ta faɗi daga sunana. Ba komi.

Kai, yaro, mi ka aikata? Shekara tara ina ɗaukar ka daga filin jirgi, ni na koya maka cin abinci da tsinke, yau ni ne matsafi? Mutum ukku sun janye odarsu daga jiya zuwa yau. Surukina ya kira daga Maraɗi yana tambayar wane boka nike bi.

Saurara da kyau. Abin ga ba nawa ba ne. Kafin ni, biron, ofis ɗin da na sakar maka, na wani Bayahude ne ɗan Maroko, Eliyahu, mai sayen fitilu. Ni ke haɗa mishi kaya. Sunan abin mezuza, kowane gidan Bayahude mai riƙon addini akwai shi. Ayoyin Attaura ne. Ya fassara mini da Faransanci: cewa Allah ɗaya ne, a so Shi da dukkan zuciya, a koya ma ɗiya, a rubuta ga ƙofa. Babu sunanka, babu na kwantenarka. Malaminsu ka rubuta ta da hannu bisa fata, in harafi guda ya ɓaci ta tashi daga aiki. Wagga kakanshi ne ya rubuta.

Da korona ta zo ya tafi ganin uwatai, sati biyu ya ce. Aka rufe ƙasa. Ya kira ni ya ce, "Tankari, ka riƙe biron, amma kada ka bari a taɓa ƙofata. Akwai sunan Allah ciki." Na ce na ɗauka. Shekara biyar ina shige da fice ƙarƙashinta, sallata ba ta ragu ba.

Ka zage ni, wannan tsakaninmu ne. Amma fatar amana ce. Ka naɗe ta cikin ƙyalle mai tsabta ka ba Dogara yau ɗin nan.

Naka, duk da haka,
Tankari

Liuhua Lu
Laraba

Yaya Tankari,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Kada ka ɗauka na huce, ban huce ba. Me ya hana ka gaya mini? Ka nuna mini inda ake kunna na'urar sanyi, ka nuna mini makullin da ke cijewa, amma ka kasa buɗe baki ka ce ga amanar wani a ƙofa? Wane Bakano ne zai ga fata a naɗe cikin kwanso ya ce Attaura ce?

Da na karanta takardarka ban yarda ba. Na ce ƙarya ce ta wanda aka kama. Na yi ta cigiya har aka kwatanta mini wani dattijon Bayahude mai sayen wayoyi a Tianhe. Ban faɗa masa komai ba, na miƙa masa kawai. Ya karanta layin farko, fassararsa ba ta bambanta da taka ba.

Layin farko kaɗai ya iya karantawa, Yaya. Tun ranar Juma'ar na jiƙa ta a ruwan gishiri kamar yadda malam ya ce, ina jira ta bushe in ƙona, sai ga Dogara da takardarka. Tawadar ta zube.

Na so mutumin ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ya sumbaci fatar, ya ce ba ta gyaruwa, kuma su ba sa jefar da rubutu mai sunan Allah, binne shi suke yi kamar mutum. Ya tambaye ni, "Me ta yi maka?" Na ce na zaci sihiri ce. Ya ce, "Ka tambayi wani kafin ka sa ta a ruwa?" Na ce shiye-shiye, godiyar mutanen Sin, kamar wani sakarai na fito.

Ina jin haushinka, ina jin haushin malam da ya yanke hukunci ta waya, amma na kaina ya fi. Na kira mutum ukun nan, biyu sun ce za su dawo. Kai ka san Eliyahu, kai ka san bakinsa. Ka gaya masa ruwan sama ne ya shiga, ko mai fenti. Don Allah ka rufa mini asiri.

Ƙanenka,
Sharfaddeen

Tianhe
Alhamis

Sharfaddeen,

Na gaishe ka. Rashin gaya maka laifina ne, na ɗauka, zan faɗa mishi da bakina. Amma ƙarya ba ni yi maka. Ka yi mini guda gaban jama'a, yanzu kana so in yi wata bisa sunan Allah?

Eliyahu na tafe ran Talata, zuwanshi na farko tun korona. Uwar ta rasu bara. Ya ce daga filin jirgi biron za mu fara zuwa, yana so ya ɗora hannu ga ƙofar.

Ban gaya mishi komi ba. Ni zan kawo shi da ƙarfe goma na safe. Kai za ka buɗe muna.

Wassalam.
Tankari