Sulen Zulai

Boɗinga, farkon damina

Zuwa ga Inna Kaltume,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, da damina da jama'ar gida.

Inna, ga akwatin sulallan azurfa nan na ba Ɗantani direba ya kawo miki ajiya. Rufin ɗakina yana yoyo, kuma danshi yana baƙanta azurfa. Ba kuɗin kashewa ba ne, irin waɗanda ƙasashe kan buga ne don tunawa da wani abu, kowanne yana rufe cikin ɗan gidansa na roba. Don Allah kada a buɗe su. Kada a taɓa da hannu, kada a goge, kada a ajiye ɗaki ɗaya da albasa, warinta yana dusashe su. A ɗora sama, nesa da ƙasa.

A gaida Zulai.

Ɗanki, Lawali

*

Shagari

Zuwa ga Uban Zulai,

Ina gaishe ka, Allah ya yi albarka. Ka san ban kama sunanka, kai ne na fari, wannan da na kira ka da shi kuma shi ya kamata ka riƙa ji.

Akwati ya iso. Na sa an kwashe albasa zuwa zaure, na ɗora shi bisa kabad. Na karanta wasiƙarka sau biyu, ina zaton na tsallake wani shafi. Ƙarfe ya samu gargaɗi a kan danshi, da hannu, da albasa. Ɗiyarka ta samu layi ɗaya.

Tun da Allah ya karɓi ran matarka Jamila ka kawo mini yarinyar nan, ba ka sake taka Shagari ba. Boɗinga ba Makka ba ce. Masu kai albasa suna zuwa su dawo kafin azahar. Na rubuta maka ne da hannuna don maganar waya iska ce, ka ce to Inna, ka kashe, shi ke nan.

Haƙorinta na gaba ya faɗi. Ta shiga Islamiyya. Da Ɗantani ya shigo da akwatin nan take ta gane shi, ta ce, "Inna, wannan na Mamana ne. Baba yana mota?" Na ce a'a. Ta je ta leƙa da kanta.

Ka kuma tambayi malami hukuncin zakkar abin da ka tara. Azurfa azurfa ce ko an yi mata gida na roba.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka

*

Boɗinga

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa. Na ji faɗanki, kuma ba ni da bakin musu. Zancen zakka na tambaya tuni, bai kai nisabi ba.

Ba tara dukiya nake yi ba, Inna. Jamila ce ta fara. Ta ga irin sulen wurin wata malama da suke koyarwa tare, ta dawo gida tana ba ni labari kamar ta ga wata sabuwar duniya. Daga nan duk shekara sai mu nemi ɗaya. Ita ta koya mini sa safar hannu kafin in ɗauka. Mukan shimfiɗa farin ƙyalle, ta karanta rubutun, ni in duba taswira. Duk lokacin da na buɗe akwatin nan, komai yana nan yadda ta bar shi.

Ranar da na kawo Zulai, a bakin ƙofarki ta riƙe rigata ta ce yaushe Mama za ta dawo daga asibiti. Na ce mata sai an jima. Har yau ban samu abin da zan faɗa mata ba. Su sulalla ba su tambayata komai.

Ki yi mini addu'a. Zan zo idan na iya.

Ɗanki, Lawali

*

Shagari, bayan Sallah

Zuwa ga Uban Zulai,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun ga ɗinkin da ka aiko, ya yi mata gajere, don kai tsawonta na bara ka sani.

"Idan na iya" ba magana ba ce ta uba. Ni ma na binne miji, washegari na tashi na dama muku kunu. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Lokacin da nake jinyar Jamila ta faɗa mini cewa a cikin sulallan akwai ɗaya mai hoton dabino, na shekarar da aka haifi Zulai, ta ce na yarinyar ne. Wasiyya ce, kuma a gabana aka yi ta. Da Sallah ta matso na ga 'yan'uwanta kowa da abin wuyan da uwarsa ta saya masa, sai na sauko da akwatin. Ban taɓa sauran ba. Na nemo mai dabinon, na ɓare robar da wuƙa, na kai wa Mode maƙerin fari a kasuwa. Ya huda shi daga sama, huda mai tsabta, ya sa masa zobe, ya goge shi da toka. Na zura masa jan zare da murjani biyu na kakarki. Ka ga na rubuta kakarki, da Zulai nake magana a raina.

Haka uwata ta yi mini a Horo Birni da sulen da ta gada, haka aka yi mata. Azurfar ɗiya mace a wuya take zama. Mode ya ce bai taɓa huda mai kyau irinta ba.

Da ka gan ta ranar idi. Tafiya take ƙirji gaba kamar zabuwa.

Mahaifiyarka

*

Boɗinga

Inna,

Ina gaisuwa. Na daɗe ina rubutawa ina yagewa, don kada in faɗi abin da bai dace ɗa ya faɗa ba.

Irin waɗannan ba a huda su. Daga ranar da aka huda, ko aka goge da toka, ya tashi daga abin da yake, ba mai gyara shi. Wannan ɗin Jamila ta fi shekara tana nemansa. Ko ita ba ta taɓa sa masa yatsa ba. Da ta ce na Zulai ne, nufinta a ajiye mata har ta girma ta same shi kamar ranar da aka buga shi.

Abu ɗaya na roƙa, Inna.

Ɗantani zai biyo ranar kasuwa. A ba shi akwatin, a haɗa da wanda aka huda.

Lawali

*

Shagari

Zuwa ga Uban Zulai,

Ina gaishe ka ko da kai ka gajarta taka gaisuwar.

Na karanta, na kuma zauna na yi tunani. Ban san huda tana kashe shi ba. A saninmu azurfa nauyinta ne darajarta, rami ɗaya ba ya rage ta. Ka ce kada a buɗe, na ɗauka gargaɗin na sauran ne, ban da wanda aka ba yarinya. Na yi kuskure, kuma amanarka ce na taɓa. Ka yafe mini. Ban saba rubuta wannan ba, kada ka sa in maimaita.

Akwati yana hannun Ɗantani, ka duba ka gani. Na wuyanta kuwa ban bayar ba. Na kai hannu zan kwance zaren, ta dafe shi da hannu biyu, ba ta yi kuka ba, kallona kawai take. Na kasa. Ni na ɗaura, amma idan za a cire, kai za ka zo ka cire da hannunka, ka faɗa mata dalili.

Tambayar da kake gudu kuma an amsa ta tuntuni. Ni na zaunar da ita na faɗa mata gaskiya, cewa Mama ta koma ga Allah, ba ta dawowa, mu ne za mu same ta. Ta yi kukanta, ni ma na yi nawa, muka tashi muka ci tuwo. Yara sun fi mu iya ɗaukar gaskiya. Sai an jima ɗinka ne ya fi wahalar da ita, don ta daɗe tana zama bakin zaure.

Yanzu wasu tambayoyin take yi. Jiya tana juya sulen ta ce, "Inna, wace ƙasa ce wagga?" Na ce ban sani ba. "To me aka rubuta a gefe?" Na sa tabarau, rubutun ya yi mini ƙanana. "Me ya sa dabino, ba mangwaro ba?" Na ce ki bar ni in yi tsince-tsincen shinkafata. Ta ce, "Ke Inna an ce kin yi sakandare." Har malaminsu ta kai wa, shi ma ya karanta rabi ya tsaya.

Na ce mata mutum biyu ne suka san labarin sulen nan, ɗaya ya rage, yana Boɗinga.

Ban da abin ƙarawa. Allah ya ba ka ikon yin daidai.

Mahaifiyarka

*

Shagari

Zuwa ga Uban Zulai,

Ina fatan ka isa lafiya, ruwa bai tare ku a hanya ba.

Ka zo cire sule, ka koma ba ka cire ba. Ban tambaye ka ba, ba kuma zan tambaya ba. Tun da ka tafi take tara 'yan makwabta tana koya musu sunan ƙasar, tana gyara wa wanda ya faɗa ba daidai ba.

Ka bar safar hannunka bisa tabarma. Ta sa su, sun kai mata gwiwar hannu, ta ce ka yi mata alkawarin za ka zo da akwatin ku buɗe sauran tare. Na wanke farin ƙyalle na ajiye, albasa kuma tana zaure.

Ɗantani ya tambaya ko akwai saƙo ban da wasiƙa. Na ce babu. Mai safa ya zo ya ɗauki abinsa.

Mahaifiyarka